Akuya a Cikin Littattafan Yahudawa da Kirista

Cikin dabbobin da ɗan Adam ya ke kiwo da wuya a sami wadda ta yi masa amfani kamar akuya, da wuya kuma a sami wadda ya ɓata wa suna kamarta. Yana shan nononta, yana cin namanta, yana jeme fatarta, amma in ya tashi siffanta mai ɓarna ko mai taurin kai, sai ya kira sunanta. A ƙasashen Turai abin har ya wuce nan, gama masu zane na can, da suka tashi siffanta Shaiɗan, sai suka ba shi ƙaho da gemu da kofato irin na bunsuru. Wanda ya ga haka zai zaci littattafan Yahudawa da na Kirista ne suka la'anci wannan dabba. Amma in an bi littattafan daki-daki, sai a tarar ba haka abin ya ke ba. A cikinsu akuya dabba ce mai tsarki, halal ga ci, karɓaɓɓiya ga hadaya. Abin da ya faru shi ne an daɗe ana aza mata laifin mutane don ta ɗauke musu, har aka wayi gari aka manta ɗauka kurum ta ke yi, aka mai da ita ita ce mai laifin. Yadda wannan ya auku shi za a bayyana a nan, bisa ga abin da littattafan nan da malamansu suka faɗa.

Dukiyar Mazauna Tanti

Masu binciken tarihi sun tarar tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce mutane suka fara kiwon awaki a duwatsun Zagros, watau wajen yammacin ƙasar Iran ta yau. Saboda haka tun ba a yi Bani Isra'ila ba akuya ta riga ta zama 'yar gida a wannan yanki. Ƙasar Kan'ana kuwa, inda suka zauna, tsakiyarta duwatsu ne, kudancinta da gabashinta hamada. Inda saniya za ta rame, tunkiya ta jigata, akuya sai ta hau dutse, ta ci ƙaya, ta komo da nono. Don haka ba ta rabuwa da garken mai arziki, ba ta kuma rabuwa da turken matalauci.

Da ita a kan ƙidaya dukiya. Littafin Farawa ya ce sa'ad da Yakubu ya ke komowa gida, yana tsoron gamuwa da wansa Isuwa, abin da aka fara lissafawa cikin kyautar da ya aika masa shi ne awaki 200 da bunsuru 20. An kuma ce wani attajiri mai suna Nabal, na zamanin Dawuda, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Littafin Karin Magana ya gargaɗi mai gida ya kula da garkensa, domin bunsurai su ne kuɗin sayen gona, nonon awaki kuwa shi ne abincin iyali.

Gashinta ma ba a yar da shi. Awakin wannan ƙasa galibinsu baƙaƙe ne masu dogon gashi, da shi a kan saƙa tanti. Har alfarwar ibada da aka yi a jeji a zamanin Annabi Musa, Littafin Fitowa ya ce an rufe ta da labule 11 na gashin awaki, kowane tsawonsa kamu 30, faɗinsa kamu 4, mata ne kuwa suka kaɗa zaren. Ashe wurin da Bani Isra'ila suka fi girmamawa a duniya, ƙarƙashin gashin akuya ya ke. A Idin Ƙetarewa kuma, wanda su ke tunawa da fitowarsu daga Masar, an yarda mutum ya yanka ɗan tunkiya ko ɗan akuya, muddin namiji ne, bana ɗaya, marar aibi. Sau uku Attaura ta hana a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Daga wannan hani malamansu suka fitar da dokar raba nama da madara, wadda masu riƙon addini cikinsu su ke bi har wa yau, kowane da tukunyarsa da akushinsa.

Ɗan Akuya Cikin Labarun Yaudara

Akwai wani abin lura cikin Littafin Farawa. Sau uku a jere cikin gida ɗaya aka yi yaudara, kowane karo kuwa da ɗan akuya aka yi ta. Littafin ya ce da Ishaku ya tsufa, idonsa ya dushe, matarsa Rifkatu ta dafa 'yan awaki biyu, ta rufe hannuwan Yakubu da wuyansa da fatarsu, don uban ya shafa ya ji gashi, ya zaci Isuwa ne, ya sa masa albarkar ɗan fari. Da Yakubu ya tsufa shi kuma, sai 'ya'yansa suka sayar da ƙanensu Yusufu, suka yanka bunsuru, suka tsoma rigarsa cikin jinin, suka kawo masa don ya zaci naman jeji ya cinye yaron. Yahuza, wanda ya kawo shawarar sayar da Yusufu, shi ma bai tsira ba, gama surukarsa Tamar ta ɓad da kama ta yaudare shi, abin da ya yi alkawarin aika mata kuwa ɗan akuya ne.

Malaman Yahudawa na da sun lura da wannan jeri, suka ce da mudun da mutum ya auna wa wani, da shi a kan auna masa. Amma akwai abin da ya kamata a ƙara lura da shi. A cikin labarun nan uku mutane ne suka yi makirci, ɗan akuya kuwa shi ne aka yanka, ko aka yi ciniki da shi. Ba shi da hannu a ciki, sai dai fatarsa da jininsa da aka yi sutura da su. Tun daga nan a ke ganin matsayin da za a ba shi daga baya.

Ranar Kafara

A shari'ar Musa bunsuru shi ne babbar dabbar hadaya ta zunubi. In shugaba ya yi kuskure, bunsuru zai kawo. In talaka ne, ya kawo akuya ko tunkiya. Kowane tsayawar wata da kowane babban idi a kan yanka bunsuru ɗaya domin zunubin jama'a. Amma hidimar da ta fi duka girma ita ce ta Ranar Kafara, wadda su ke kira Yom Kippur, ran 10 ga watansu na bakwai. Bayaninta yana cikin sura ta 16 ta Littafin Firistoci.

A wannan rana Babban Firist, watau babban limaminsu, ya kan yi wanka, ya tuɓe kayan ado, ya sa fararen tufafin lilin. Ya kan fara gabatar da bijimi domin laifin kansa da na gidansa tukuna. Sa'an nan a kawo masa bunsuru biyu, ya jefa ƙuri'a a kansu, ɗaya na Ubangiji, ɗaya na Azazel. Wanda ya faɗa rabon Ubangiji sai a yanka shi, Babban Firist ya shiga da jinin bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki, inda ba a shiga sai wannan rana kaɗai cikin shekara, ya yayyafa shi sau bakwai. In ya fito sai a kawo na biyun da rai. Ya aza hannuwansa biyu bisa kansa, ya furta dukan laifofin Bani Isra'ila, ya ɗora masa su. Kana wani mutum da aka shirya ya kora shi zuwa jeji, inda ba kowa, ya sake shi. Mutumin nan ba ya komowa zango sai ya wanke tufafinsa, ya yi wanka.

Littafin Mishna, wanda malaman Yahudawa suka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin yadda a ke yin hidimar a Haikalin Urushalima. Ya ce a kan so bunsuran nan biyu su zama iri ɗaya, kamanni ɗaya, tsayi ɗaya, kuɗi ɗaya, a kuma saye su tare. A kan ɗaura jan ulu a kan wanda za a kora. An gina masa wata hanya mai tudu saboda waɗansu baƙi da su kan fizgi gashinsa, suna yi masa tsawa ya ɗauka ya tafi. Daga birni zuwa inda za a kai shi kimanin mil 12 ne, an kafa rumfa 10 a kan hanya, kowace a kan yi wa mai korar tayin abinci da ruwa. In ya kai bakin wani dutse mai tsawo sai ya raba jan ulun biyu, ya ɗaura rabi jikin dutsen, rabi tsakanin ƙahonin, ya tunkuɗa bunsurun ta baya ya faɗa. Sa'an nan a yi ta kaɗa ƙyalle daga tudu zuwa tudu har labari ya kai Haikali. Attaura dai ba ta ce a kashe shi ba, sakinsa ta ce a yi. Ga alama tsoro ne ya kawo wannan ƙari, don kada wata rana ya komo gari da kayan da aka ɗora masa.

To, a nan ainihin zancen ya ke. Bunsuran nan biyu tamkar tagwaye su ke. Ba a duba halinsu ba, ba a zaɓi mummuna don jeji ba. Ƙuri'a kaɗai ta raba su, wanda aka kora kuwa, da ƙuri'a ta juya, shi za a miƙa wa Ubangiji. Kowa a wurin ya san laifin da ke kansa ba nasa ba ne, gama a gaban jama'a aka furta shi, da sunan masu shi. Ba a kuwa korar bunsurun sai masu laifi sun amsa laifinsu, suna azumi.

Ma'anar Azazel

Kalmar Azazel sau huɗu ta zo cikin wannan sura, ba ta kuma sake zuwa ko'ina cikin littattafan Ibraniyanci masu tsarki ba. Malamai sun rabu uku a kanta. Waɗansu sun ce sunan wani aljanin jeji ne. A Littafin Anuhu, wanda ba ya cikin jerin littattafan Yahudawa masu tsarki amma cocin Habasha ta karɓe shi, Azazel mala'ika ne da ya yi tawaye, ya koya wa mutane ƙera makamai. Irin sunan nan ne ya zo cikin waɗansu littattafan tafsirin Musulmi, inda aka ce Azazilu sunan Iblis ne kafin ya saɓa. Waɗansu kuma, har da malaman Talmud, sun ce ma'anarta dutse mai wuyar hawa. Na uku suka raba kalmar biyu, suka ce ma'anarta akuyar da ta tafi. Wannan fassara Jerom ya bi sa'ad da ya juya littafin da Latin wajen shekara ta 400. William Tyndale kuma, da ya juya Attaura da Turanci cikin 1530, sai ya ƙago wata kalma mai ma'anar bunsurun da ya kuɓuta, ita ce Turawan Ingila su ke amfani da ita har yanzu.

Al'adar korar dabba ba Bani Isra'ila suka fara ta ba. Allunan yumɓu da aka tono a tsohon birnin Ebla, cikin ƙasar Siriya, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambaci korar akuya zuwa jeji domin tsarkakewa. Hittiyawa kuma, mutanen da na ƙasar da yanzu a ke kira Turkiyya, in annoba ta faɗa wa sansanin yaƙinsu su kan kora dabba zuwa ƙasar abokan gaba. Abin da shari'ar Musa ta ƙarfafa shi ne furta laifi. A sura mai bi ma ta hana yin yanka ga aljanun jeji, waɗanda sunansu a Ibraniyanci ɗaya ne da na bunsuru, watau masu gashi. Daga wannan tarayyar suna aka fara haɗa bunsuru da iskokin kufai.

A cikin shekara ta 70 Rumawa, bisa jagorancin Titus, suka rushe Haikali, hadaya ta tsaya. Yahudawa ba su sake korar bunsuru ba. Ranar Kafara ta zama ranar azumi da addu'a da tuba da sadaka, sai dai a karanta labarin hidimar a majami'a. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar cikin 1204, ya bayyana cewa zunubi ba kaya ba ne da za a sauke daga bayan wani a aza wa wani. Hidimar, in ji shi, misali ce don ta girgiza zuciya ta tuba.

Daga Annabawa Zuwa Linjila

A littattafan annabawa bunsuru alamar shugaba ne, domin shi ke gaban garke. Irmiya ya ce wa masu zaman bauta su fita daga Babila kamar bunsuran da ke jan garke. Ezekiyel da Zakariya kuwa da wannan suna suka yi wa azzaluman shugabanni kashedi. A sura ta 8 ta Littafin Daniyel an ga bunsuru ya taso daga yamma, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don sauri, da babban ƙaho ɗaya tsakanin idanunsa. Ya tunkuyi rago mai ƙaho biyu ya kā da shi, amma yana cikin ƙarfinsa sai ƙahon ya karye, huɗu suka tsiro a gurbinsa. Surar da kanta ta fassara ragon da Madayana da Farisa, bunsurun da mulkin Girka. Masu sharhi sun ce ƙahon nan Iskandari ne, wanda ya karya Farisa cikin 331 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a Babila cikin 323, sarakunan yaƙinsa suka raba mulkin.

Kirista na farko, da suka duba bunsurun Ranar Kafara, ba Shaiɗan suka gani ba, Almasihu suka gani. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi, inuwa ce ta hadayar da Yesu ya yi sau ɗaya tak. Ta kuma kwatanta shan wahalarsa a bayan ƙofar birni da dabbobin da a kan ƙone a bayan zango. Wata tsohuwar wasiƙa da a ke jingina wa Barnaba, da malamai kamar Justin da Tertuliyan, sun ɗauki bunsuran nan biyu su zama misalin Almasihu, wanda a bangaskiyarsu ba shi da laifi amma ya ɗauki na wasu.

Inda akuya ta gamu da rashin sa'a shi ne sura ta 25 ta Linjilar Matiyu. A can aka kwatanta ranar shari'a da makiyayi mai ware garkensa, tumaki dama, awaki hagu. Wannan abu ne da kowane mai sauraro ya sani, gama makiyayan Falasɗinu tare su kan kiwata su da rana, su ware su da maraice. Misalin kuwa bai zargi halittar akuya ba. Abin da ya jefa mutanen hagu cikin hallaka shi ne sun ga mayunwaci ba su ciyar ba, sun ga baƙo ba su saukar ba, ba su tufatar da huntu ba, ba su gai da marar lafiya da ɗan kurkuku ba. Amma ido ya fi kunne riƙo. Tun ƙarni na 6 aka zana wannan misali jikin bangon wata coci a Rabenna ta ƙasar Italiya, tumaki uku a dama, awaki uku a hagu. Mutanen da ba su iya karatu ba suka riƙe hoton, suka saki sharaɗin.

Yadda Mai Ɗauka Ya Zama Mai Laifi

Abu uku suka taru a kan bunsuru: aljanun jeji masu sunansa, da hannun hagu na Linjilar Matiyu, da wani gunkin Girkawa mai suna Pan, wanda a ke siffantawa da ƙaho da ƙafafun akuya. Da tafiya ta yi nisa, masu zanen Turai suka haɗa su, suka fitar da siffar Shaiɗan. Daga nan sharrin ya wuce kan dabba ya faɗa kan mutane. A waɗansu zane-zane na wancan zamani a kan nuna addinin Yahudawa kamar mace mai rufaffen ido, riƙe da kan bunsuru, ko a zana Bayahude bisa akuya don wulakanci.

Sa'ad da babbar annoba ta ratsa Turai tsakanin 1347 da 1351, aka baza ƙarya cewa Yahudawa ne suka zuba dafi cikin rijiyoyi. Paparoma Kilement na 6 ya fitar da takarda cikin 1348, yana cewa annobar ba ta bar Yahudawa ba, su ma mutuwa su ke yi, amma ba a saurare shi ba. A birnin Strasbourg, ran 14 ga Fabrairu 1349, aka ƙone ɗaruruwansu, aka kuma soke basusukan da su ke bin mutanen gari. Haka kuma bayan Jamus ta sha kashi cikin 1918, aka sake ɗora musu alhakin faɗuwar, ƙarshen wannan zargi kuwa shi ne kisan kimanin Yahudawa miliyan 6 a ƙarƙashin mulkin Hitila, wanda ya ƙare cikin 1945. Haushin kaza ke nan, huce kan dami.

Saboda irin wannan ne kalmar da Tyndale ya ƙago ta sami sabuwar ma'ana, watau mutumin da a ke ɗora wa alhakin abin da bai yi ba. Wani masani Bafaranshe, Rene Girard, ya rubuta littafi a kan wannan cikin 1982. Ya nuna jama'a in rikici ya ci ƙarfinta ta kan haɗa kai bisa mutum ɗaya marar gata, ta kore shi, ta ji sanyi, tana kuwa gaskata cewa shi ne mai laifin. Su Yahudawa kansu, a daren Idin Ƙetarewa, su kan rufe da wata waƙa da aka fara bugawa a Prag cikin 1590, ta ɗan akuya guda da uba ya saya. Kyanwa ta cinye shi, kare ya ciji kyanwa, haka aka yi ta bi da bi har Allah Ya yi hukunci na ƙarshe. Da yawa cikin malamansu sun ce ɗan akuyan nan Bani Isra'ila ne a tsakanin manyan dauloli.

In aka gwada hidimar da da abin da aka yi daga baya, sai a ga tazarar da ke tsakaninsu. Mutanen da suka tsaya a farfajiyar Haikali sun ce laifin namu ne, sa'an nan suka kora dabba. Mutanen Strasbourg kuwa sun ce laifin nasu ne, suka ƙone maƙwabtansu. Na farko sun fara da kansu, har Babban Firist bai ɗora wa bunsuru laifin jama'a ba sai da ya yi yanka domin nasa laifin. Na biyu ba su ko leƙa nasu ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk garin da aka ga an taru kan baƙo, ko matalauci, ko ƙaramar ƙabila, ana cewa shi ya jawo masifa, ya kamata mai hankali ya tuna da bunsuran nan biyu masu kama ɗaya, ya tambaya ko wane ne ya ɗora kayan, tun ba a kai ga bakin dutse ba.